Ɗaukar hoton biri mai ganga a kurmi: amsa ga ƙanena na Nima

Wani ƙanena a sana'a, mai ɗaukar hoton biki da suna a unguwar Nima ta Accra, ya turo mini tambaya. Ya ce: "Yaya, shekara uku ke nan ina tara kuɗi, burina in shiga kurmi in ɗauko hoton cimpanzi da sauran birai. Ina da kyamara guda, kuma na yi cinikin dogon gilashi mai 150-600mm, saura in biya. Akwai cimpanzi a nan Ghana ko sai na ƙetare? Wane saiti zan yi wa kyamarar?"

Ƙanena, kafin komai, mayar da kuɗin nan aljihu. Kada ka biya tukuna. Ni na taɓa sayen irin wannan gilashin saboda irin wannan tafiyar, na dawo Kumasi da hoto sama da dubu, in ka cire goma sha wani abu, sauran ko a waya kunyar nuna su nake ji. Zan zo kan dalili.

Bari in fara da suna. Mu nan zango kowane biri biri ne, in ya cika girma mu ce gwaggon biri mu huta. Amma mutanen Gashaka, can jihar Taraba a Najeriya, waɗanda ke maƙwabtaka da shi, suna ce masa biri mai ganga, kuma ban taɓa jin sunan da ya dace da shi kamar wannan ba. Namijin kan taho a guje ya daki saiwar ƙaton itace da hannu da ƙafa, irin faffaɗan saiwoyin nan da ke tsaye kamar bango a gindin rimi, sai ka ji sautin ya ratsa kurmi kamar an buga tambarin sarki. Da wannan sunan zan riƙa kiransa.

Akwai shi a Ghana, amma ba na hoto ba ne. 'Yan ragowar da muke da su suna kudu maso yamma, wajen gandun Bia da ke kan iyakarmu da Kwaddibuwa. Kaɗan ne, kuma da bindiga da tarko suka san ɗan Adam, saboda haka tun kafin ka hango su sun ji takunka sun ɓace. Masu binciken da ke aiki a can ma yawanci gadajensu suke ƙirgawa, domin kowane dare mai ganga yakan lanƙwasa rassa ya yi sabon gado a saman itace, ko kuma su ɗaure kyamara mai ɗauka da kanta a jikin itace su dawo bayan makonni. Irin namu na yammacin Afirka ya shiga jerin masu gab da ƙarewa a lissafin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, tun 2016, kuma bincike ya nuna kusan kashi 80 cikin ɗari sun salwanta tsakanin 1990 da 2014. In wani ya ce ka ba shi kuɗi ya kai ka ka ɗauki mai ganga a dajin Ghana cikin kwana uku, kuɗin motarka yake so ya ci.

Wanda ake iya tsayawa kusa da shi shi ne wanda aka saba masa da mutum, kuma wannan sabon ba aikin wata guda ba ne. Ma'aikata ne ke bin garke ɗaya kullum, tun saukowarsu da asuba har su hau su kwanta, shekara biyar ko fiye, sai dabbar ta gaji da gudu ta ɗauki mutum tamkar kututture. Wuraren da aka sha wannan wahalar ba su da yawa. Akwai Gombe ta Tanzaniya, a bakin tafkin Tanganyika, inda Jane Goodall ta fara aiki a 1960 har ta ga mai ganga yana gyara tsinke yana zurawa a suri yana lasar gara, abin da ya rushe zancen cewa ɗan Adam kaɗai ke ƙera kayan aiki. Kudu da nan akwai duwatsun Mahale, inda masanan Japan suka kafa sansani a 1965. Wuri ne mai kyan gaske, amma sai da ƙaramin jirgi da jirgin ruwa, kuɗinsa kuma na attajirai ne. Akwai Nyungwe a Ruwanda, hawa da gangara kamar ranka zai fita. Kusa da mu akwai Taï a Kwaddibuwa, inda suke fasa ƙwallon itace da dutse kamar matan da ke fasa kwakwar manja, sai dai hanyar zuwa can tana cin mutum.

In tafiya ɗaya kuɗinka zai ɗauka, Kibale ta Yuganda zan ce maka. Daga Kampala awa biyar zuwa shida ne a mota zuwa Fort Portal, garin da ke kusa da kurmin, ƙasar ba ta da hawa mai tsanani, garken Kanyanchu ya saba da baƙi tun shekarun 1990, kuma kurmin na da nau'i 13 na birai da danginsu, don haka ko mai ganga ya yi maka rowa ba za ka dawo hannu rabbana ba. Takardar izini ta hukumar namun daji ta Yuganda ka neme ta tun da watanni, ta hannun wakili mai rajista, kuma ka yi ƙoƙari ka sayi ta kwana biyu. Kada ka manta katin allurar shawara. Takardar izinin kuwa awa ɗaya tak take ba ka daga lokacin da aka same su. Awa ɗaya, a kan tarin shekara uku. Duk abin da zan faɗa daga nan, ka auna shi da wannan awar.

To, ga abin da ya sa na ce ka riƙe kuɗinka. Wanda bai taɓa shiga kurmi ba yana zaton nisa ne matsalarsa, domin hotunan zaki da giwa da yake gani a fili aka ɗauke su da dogon gilashi. Kurmi wata duniya ce. Hasken da ke isowa ƙasa bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na wanda ke sauka a kan itatuwa ba. Ƙarfe goma na safe, rana ta take a waje, kai kuwa kamar kana ɗakin amarya an ɗauke wuta, taga guda ce a buɗe, ita ma da labule. A ɗakin amarya sai ka kunna filasha. A nan an hana, hani mai ƙarfi, wanda ya kunna ma'aikacin gandu na iya fitar da shi. Abin da za ka ɗauka kuma baƙi ne wuluk, idonsa can cikin rami ƙarƙashin ƙashin gira, ga shi ba ya jin "tsaya haka, kada ka motsa".

Yi lissafin da kanka. Gilashin da ka yi ciniki, in ka zuƙo shi ƙarshe, ƙofar haskensa f/6.3 ce, kuma yadda lambar ta ƙaru haka ƙofar ke tsukewa. Mai 70-200mm da ke buɗewa f/2.8 yana shigar da hasken da ya ninka wannan kusan sau biyar. Wato inda ni zan ɗauka da ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) 3200 a saurin 1/250 na daƙiƙa, kai sai ka haura har ISO 16000, ko ka sauke saurin zuwa 1/50. Kuma 1/50 da gilashi mai kilo biyu, a hannun mutumin da ya gama gudu yana haki, hoto ne narkakke kamar an shafa masa mai. Abin da ya same ni ke nan a tafiyata ta farko. A bayan kyamara duk suna da kyau, sai da na buɗe su a kwamfuta a shagona na ga ba ido ɗaya da ya fito.

Nisan da kake tsoro kuwa, doka mita 7 zuwa 10 ta tsayar da kai, gwargwadon wurin. A mita 8, gilashi mai 200mm a kan kyamara mai cikakken firam, wato mai babban farantin ɗaukar hoto, yana ɗaukar faɗin kusan mita ɗaya da rabi, tsayi kusan mita guda. Namiji a zaune ya cika hoton taf. In kyamararka mai ƙaramin firam ce, ya ma fi matsowa. To me za ka yi da 600? Hancinsa za ka ɗauka?

Shawarata, nemi 70-200mm f/2.8, ko da na hannu ne. Ribar ita ce in ka dawo, shi ne zai ci gaba da ciyar da kai a wurin biki da hawan Sallah, dogon kuwa sai dai ya kwanta a jaka yana jiran ranar da za ka je gandun Mole. In kuɗin bai kai ba, mai f/4 ma ya fi wanda ka yi ciniki. In kana da 85mm f/1.8 ko 135mm f/2, kamar yadda yawancin masu ɗaukar biki ke da su, kada ka raina su. A cikin duhun nan sarakuna ne, sai dai ka yanke hoton daga baya. Dogon gilashi yana da ranarsa, wajen ƙananan birai da ba sa sauka daga ƙololuwa, da tsuntsaye. Wannan ka yi hayarsa.

Saiti ba shi da wani sirri. Buɗe ƙofar haske iyakarta. Sauri 1/250 in yana zaune yana tauna, 1/500 zuwa 1/1000 in yara ne ke kokawa ko suna lilo a reshe. ISO ka bar kyamara ta zaɓa da kanta, ka yi mata iyaka a 6400, ko 12800 in sabuwa ce. Na san kai da ka saba da hoton amarya mai santsi, ISO 6400 kamar zagi ne a kunnenka. Ka haƙura. Hoto mai yashi-yashi ana wanke shi a kwamfuta, wanda ya girgiza kuwa babu malamin da zai yi masa magani. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, domin hasken da ya ratso ganye kore ne, yana rina fuska da gashi, kuma a JPEG cire wannan koren wahala ce.

Inda aikin yake shi ne awon haske. In ka taɓa ɗaukar jana'izar Asante ranar Asabar a nan Kumasi, ka san abin da kyamara ke yi wa baƙin zane: sai ta ɗauka duhu ne, ta ƙara haske, zanen ya koma toka-toka kamar ya sha wanki. Haka take yi wa gashin mai ganga idan ya cika firam. Sai ka rage mata, daga sulusin mataki zuwa mataki guda. Amma da zarar ya hau sama, farin sararin samaniya yana leƙowa ta tsakanin ganye, sai lamarin ya juye: kyamara ta ga fari ta runtse ido, kai kuma ka samu baƙin dunƙule a kan reshe. Nan ƙari za ka yi, mataki ɗaya har biyu. Tsakanin ragin nan da ƙarin nan wani lokaci daƙiƙa uku ce. Dole babban yatsanka ya san inda maɓallin yake ba tare da ka ɗauke ido daga kyamara ba. Gaskiyar magana ma, hoton da aka ɗauka daga ƙasa ana kallon sama ba kasafai yake kyau ba, gindi da tafin ƙafa kawai kake samu. Ɗauki biyu don shaida, ka huta wa wuyanka, ka jira ya sauko.

Wani abin da zai ba ka mamaki: ranar da gari ya yi lumshi ita ce ranarka. In rana ta fito sosai, hasken kan faɗo tabo-tabo ta ƙofofin ganye, kafaɗa ta ƙone fari fat, fuska kuma tana cikin duhu, babu kyamarar da ke iya riƙe biyun. Hadari marar ruwa kuwa yakan shimfiɗa haske daidai wa daida. Don haka in ka tashi ka ga sama ta rufe, kada ranka ya ɓaci.

Sai fokos, wato inda kyamara ke kafa ido don wurin ya fito tar. Tsakaninka da shi kullum akwai ganye, ko igiyar kurmi, ko tsinke guda da idonka bai ma lura da shi ba, amma kyamara shi za ta kama. Sa ɗigon fokos guda, ka ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da kai. Sababbin kyamarori masu gane idon dabba suna taimakawa, amma a duhu da baƙar fuska sukan rikice, kada ka sakar musu ragama. Sau da yawa maganin ganyen da ya tare ka shi ne ka karkata jikinka taƙi guda hagu ko dama. Kuma ka durƙusa. Hoton da aka ɗauka a tsaye, dabba ce a ƙasa. Wanda aka ɗauka ido da ido, sai mai kallo ya ji kamar wani ne ya zauna a gabansa. Daga nan sai jira: jira ya ɗaga kai. In ya ji kira daga nesa ko wani abu ya motsa a sama, yakan ɗaga fuska, haske ya shiga ramin idon, launin ƙasa-ƙasan nan ya fito. Wannan daƙiƙar ka biya wa kuɗin jirgi.

Bari in ba ka yadda awar take, daga tafiyata ta biyu. Mun shiga ƙarfe takwas da 'yan mintoci, mu shida da ma'aikacin gandu. Mun yi tafiyar kusan minti arba'in shiru, ba ka jin komai sai ɗigar raɓa. Can sai wata murya ta fara daga ƙasa-ƙasa, huu, huu, huu, tana hawa tana sauri har ta fashe da ihu, wasu suka amsa ta ko'ina, sai ga gangar, dum-dum-dum. Tsigar jikina ta tashi. Ma'aikacin bai ce komai ba, ya bar hanya ya kutsa cikin sarƙaƙiya, mu kuma muka bi shi da gudu. Muka same su a kan wani ƙaton ɓaure, can sama. Ɓawon ɓaure na zubo mana, da abin da ya fi ɓaure wari. Ma'aikacin ya nuna mini in kifa bakin gilashi ƙasa, bai rufe baki ba kuwa aka yi mana yayyafin da ba na sama ba. Mutanen da muke tare suka ɗaga kyamara suna ta harbi kamar ana yaƙi. Ni na ɗauki uku na sauke hannu, gabana na faɗuwa, ina duban agogo. Minti talatin da biyar suka wuce a haka.

Sai suka fara saukowa. Wani dattijo mai furfura a haɓa, kunnensa ɗaya a yage, ya zo ya zauna kan wani faɗaɗɗen itace, ya ɗaga hannu sama. Wani ya matso ya fara tsefe masa gashin hammata, yana buɗawa da yatsu, yana tsince abin da ya samu, leɓɓansa na ƙara, tap-tap-tap, kamar tsohuwa na tsifar kan jikarta. Na durƙusa a laka. Sai na lura hannun mai tsifar yatsu biyu babu. Tarkon waya ne da mafarauta ke kafa wa gada, kuma a Kibale da yawansu suna ɗauke da irin wannan tabon. Minti shida suka yi suka tashi. A cikin minti shidan nan na samu hoton da ke rataye a shagona yau, kuma ba fuska ba ce, wannan gundulmin hannun ne a cikin baƙin gashi. Ka riƙa duban hannu da ƙafa, da uwa da goyonta, da faɗin kurmin da dabbar a ƙarama cikinsa. Kowa fuska yake kawowa gida.

Wannan ya sa na ce ka sayi kwana biyu. Da sassafe yawanci suna sama suna ci, in hantsi ya ɗaga sukan sauko su huta. Kibale na da shiga ta safe da ta rana. In da hali, ka ɗanɗana kowacce. Kuma ba garken duka za ka gani wuri guda ba, sukan rarrabu ƙungiya-ƙungiya su sake haɗuwa, yau ka samu uku, gobe ashirin.

In namiji ya taso yana nuna isa, gashi a tsaye, yana jan reshe yana ihu, kada ka gudu. Tsaya cik, ka sunkuyar da ido, ka raɓa jikin itace, zai wuce; yawanci da 'yan'uwansa yake, ba da kai ba. Kada ka kwaikwayi kukansu, ba ka san me kake faɗa ba. Kada ka ci abinci a gabansu. Kuma in ka ga ya yashe haƙora duka kamar mai dariya, ba dariya ba ce, tsoro ne ko miƙa wuya. Hotunan nan na kalanda da ake sa wa mai ganga riga yana "murmushi", dabba ce a firgice.

Maganar tazara kuwa, kada ka ɗauke ta dokar takura wa mai hoto. Biri ya yi kama da mutum, in ji Hausawa, amma a nan kamar ta wuce ta fuska: fiye da kashi 98 cikin ɗari na ƙwayoyin halittarmu iri ɗaya ne, don haka ciwonmu yana kama su, su kuwa jikinsu bai san shi ba. A 1966 shan inna ta shiga garken Gombe ta kashe wasu ta nakasa wasu. A 2013, a Kibale ɗin nan, ƙwayar mura irin tamu, wadda kai za ka sha shayi da citta ka warke, ta kashe biyar a garken Kanyawara. Shi ya sa ake sa takunkumin fuska, shi ya sa mai mura ba ya shiga. In ka tashi da atishawa ranar, faɗa wa ma'aikatan gaskiya, ko da kuwa ranka zai sosu. In shi ya matso, kai ka ja baya. Takunkumin yana da nasa fitinar: numfashinka zai riƙa hawa yana rufe madubin leƙawa da tururi. Matse wayar hancin sosai, ko ka liƙa ɗan filasta a saman. Gwada wannan tun a gida.

Kuma don Allah, ƙanena, kada ka dawo mana da hoton kanka da biri a kafaɗa ka sa a Facebook. Mun taso muna ganin gardawa na yawo da biri a sarƙa, an sa masa ɗan wando yana rawa, muna dariya muna jefa kuɗi. Ba mu san cewa kafin a kama jariri sai an kashe uwar ba, wani lokaci har da waɗanda suka tsaya kare ta. Irin wannan hoton shi ke sa wani mai kuɗi ya ce shi ma yana so a gidansa.

Yanzu ga abin da za ka yi kafin ka sayi tikiti, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Makarantarka tana nan gida, kuma kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba. Boabeng-Fiema, kusa da Nkoranza a yankin Bono ta Gabas. Daga Kumasi ka bi ta Techiman. Ƙauyuka biyu ne da ɗan kurmi a tsakaninsu, kuma a al'adar mutanen wurin biran nan 'ya'yan abin bautarsu ne, ba a taɓa su. A 1975 aka ƙarfafa al'adar da doka. In biri ya mutu sukan sa shi a ɗan akwati su binne, akwai maƙabartarsu da alluna a kan kaburbura. Aƙidarsu ce ba tamu ba, amma ita ta tsare dabbobin a lokacin da sauran dazuzzukanmu suka koma kango. Birin nan jan kolobus da ake kira na Miss Waldron, wanda a Ghana da Kwaddibuwa kaɗai aka san shi, tun 2000 masana suka ce da alama ya ƙare.

Biri iri biyu ne a can. Akwai ɗan ƙaramin mona, marar kunya, wanda ke shiga har madafa. Na ga wata ta tsaya a kan katanga tana lura da wata mata da ke shanya masara, matar na juya baya ta diro ta cika kumatu biyu da hannu biyu ta haye, matar ko tsawa ba ta yi ba. Mona zai koya maka sauri. Amma malaminka na gaske shi ne kolobus, baƙi mai farin gashi kewaye da fuska, da fari a cinya, da doguwar farar jela kamar an tsoma ta a alli. Ganye yake ci, ba ruwansa da ayabarka, yana can sama. Ka ga jarrabawar: baƙi da fari a jiki guda, a cikin inuwa, farin sama a bayansa, ganye a gabansa. In ka ƙara haske don fuskar, jela ta ƙone. In ka rage don jelar, fuska ta nutse. Duk matsalar da za ka tarar a Kibale tana jikin wannan dabbar, har da ƙari. Ka kwana a can, ka fita ƙarfe shida na safe lokacin da suke zaune a rassa suna shan hantsi, ka sake fita da la'asar. Za a miƙo maka gyaɗa ko ayaba ka ba mona don ya matso. Ni ba na karɓa. Biri da ayaba a hannu hoton gidan zu ne, kuma yana lalata musu hali.

Kai da ke Accra, gandun Shai Hills na kan hanyar Akosombo, gwaggon biri har bakin titi. Hasken fili ne, ba zai koya maka duhu ba, amma zai koya maka karanta garke: wane ne babba, wa zai tashi, wa ke shirin faɗa. Rufe gilashin mota, ɓarayi ne na ƙin ƙarawa. Tafi Atome a yankin Volta ma akwai mona. Kurmin Kakum kuwa, mai gadar saman itatuwan nan da aka buɗe a 1995, kada ka sa rai da biri in motocin 'yan makaranta sun iso, ga gadar na lilo, amma hanyoyin ƙasa za su nuna maka ainihin duhun kurmi da danshinsa.

A Kakum ɗin ne danshi ya koya mini hankali. Na kwana a wani masauki a Cape Coast, na'urar sanyi na ta aiki har asuba, jakar kyamara a gefen gado, motar da ta kai ni ita ma da sanyinta. Ina shiga kurmi na fito da kyamara, gilashin ya yi fari kamar an hura masa tururin koko, ciki da waje. Na goge na waje, na ciki ba hannun da ke kaiwa. Minti arba'in ina zaune ina kallonsa. A Kakum asarar safiya ce kawai. A gaban mai ganga da awarka ce ta tafi. Kada kayanka su kwana a sanyin na'ura, in kuwa dole ne, ɗaure su a leda, kada ka buɗe sai sun ɗauki ɗumin waje. Tara 'yan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi ka zuba a jaka. In ka dawo gida ka fito da komai ya sha iska, domin funfuna na tsirowa a cikin gilashi, kuma in ta ci shi ta ci.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Kada ka canja gilashi a cikin kurmi. Batir uku, katin ajiya biyu, leda da roba don ruwan sama. Kashe ƙarar kyamara da ɗan fitilar nan da ke haskawa wajen fokos. Mai ƙafa uku bar shi a gida, ba inda za ka kafa shi, kuma kafin ka kafa sun tashi. Gwiwarka da jikin itace sun isa madogara. Tufa mai duhu, dogon hannu, takalmi mai riƙe ƙasa, kuma ka cusa ƙafar wando cikin safa ko da za ka yi kama da ɗan ƙwallo, domin kwarkwasa ba ta cizo sai ta hau ta kai inda ba ka iya sosawa a gaban mutane.

Je Boabeng kwana biyu, ka turo mini hoton kolobus guda ashirin yadda suka fito daga kyamara, ba gyara. Ido zan fara dubawa, sannan jela. In biyar a ciki ido ya fito tar kuma farar jelar ba ta ƙone ba, sai mu zauna mu yi zancen tikitin Entebbe, filin jirgin Yuganda. Tunda ta Kumasi za ka bi, tsaya Aboabo ka karɓi 70-200 ɗina na kwana uku, ka gwada kafin ka sayi naka. Da jakarsa za ka tafi, kuma murfin gaban a ɗaure yake da zare, kada ka kwance shi, mona ta riga ta gudu da guda.